IN YARO YA KWANTA ASIBITI

(Jawabin da wakilin kwamitin lafiya ya yi gaban taron ƙungiya, kafin saukar damana. Mun buga shi yadda anka faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da ƴan'uwanmu da ke wurin bida.)



  

An ba ni magana bisa dubiya, musamman dubiyar yaro ƙarami da ciwo ya yi wa tsanani har anka kwantar da shi asibiti. Wani zai ce, mi za a koya mana cikin dubiya? Tun kakanni muna yin ta, malamai kuma kullum suna tuna mana haƙƙi ce ta ɗan'uwa bisa ɗan'uwansa. Gaskiya ne. Amma dubiyar da munka gada ta marar lafiya ce da ke kwance ɗakinsa, cikin gari, hatsinsa na rumbu, ruwansa na randa, iyalinsa na kewaye da shi. Ka shiga ka ce sannu, ka yi addu'a, ka aje goro ko dala goma, ka fita. Ta wadatar. Yaron da anka ɗauka anka kai Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Galmi, halinsa dabam ne, kuma abin da gidansu ke bukata gare mu dabam ne.

Ku fara duba lokacin da abin ke faɗo mana. Masassarar cizon sauro ba ta yin ƙarfi sai ruwa ya zauna, daga watan Agusta zuwa Oktoba. Tamowa ita ma lokacinta ke nan, don rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, gudawa ta yi yawa ga yara. Wato ciwon na zuwa daidai lokacin da maigida ke tsakiyar maimai ko ya fara girbi, aljihu babu ko dala, tiyar hatsi a kasuwa ta kai tsadarta ta shekara. Uwar da ta bi yaro asibiti ta baro wasu yara uku ko huɗu gida, ta baro daka da rijiya, ta baro gamanarta ciyawa na cinta.

Shi ya sa bayan kwana biyu ko uku, da yaro ya buɗe ido ya nemi nono, sai saƙo ya zo daga gida: ki taho haka nan. Wani lokaci ba a ko sallami lokotoro ba. Da asuba ta goya yaro, ta naɗe tabarma, ta nufi tasha. Ma'aikata su zo da maganin safe su tarar da gado wayam. Mu kuma nan gari mu ce madalla, an samu sauƙi, an dawo. Bayan kwana biyar a sake ɗaukar yaron, ya fi da muni, in ma an kai da shi.

Kar a yi saurin zargin wagga mata. Babu uwar da ke son ɗanta ya mutu. Abin da ya fiddo ta shi ne yunwa, da ƙarewar kuɗi, da tunanin gidan da ta baro, kuma duka waɗannan abubuwa ne da gari ke iya ɗauke mata. Don haka ni a wurina aikin mai dubiya shi ne ya yi duk abin da zai sa uwar yaro ta iya zama har ranar da lokotoro da bakinsa ya ce ku tafi gida.

Bari in faɗa muku dalilin da ya sa zaman ke da muhimmanci. Yaron da masassara ta hau wa kai, yana jijjiga, ko ya suma bai san wanda ke kansa ba, allura ake yi mishi ta jijiya, sunanta artesunat. Ana yin ta farko da isarsa, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. In ya farka har yana iya haɗiya, sannan a juya ga ƙwayoyi, a sha kwana 3 cif. Allurar na da ƙarfi, tana iya tada yaro zaune cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba ta gama kashe ƙwayar cutar da ke cikin jininsa ba. Ƙwayoyin nan na kwana uku su ke ƙarasa aikin. Wanda ya tsaya ga allura kaɗai kamar wanda ya nome rabin gona ne ya rataye hauya. Bayan haka masassara na cin jinin yaro, kuma jinin na iya ci gaba da raguwa ko bayan zazzaɓi ya sauka. Shi ya sa ma'aikata ke buɗe tafin hannunsa suna dubawa, suna jan fatar idonsa ƙasa, in sun ga fari su sake aunawa.

To, ga maganar jini, kuma nan zan ɗan jima, don nan munka fi rauni. Lokacin damana ɗakin ajiyar jini na asibiti yakan ƙare, saboda yaran da ke bukata sun yi yawa. Sai a ce wa dangi su kawo mai ba da jini. Nan ne za ka ga abin mamaki. Mota cike munka zo dubiya, mutum goma sha, kowa da babbar riga. Da majo ya fito ya ce ana son jini, sai wannan ya tuna bai yi salla ba, wancan ya ce jiri yake ji tun jiya, wani ya ce bari ya je kasuwa ya dawo. A bar uban yaro shi kaɗai, shi da ya kwana uku bai ci abin kirki ba, wanda ko an auna shi ba lalle a ɗauki nasa ba. Samarinmu da ke kada ƙato a dandalin kokowa, allura guda ta kore su.

Ku ji yadda abin yake. Babban mutum na da jini wajen lita 5 a jikinsa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, wajen mililita 450 ne. Ruwan jinin na komawa cikin kwana ɗaya ko biyu in mutum ya ci ya sha, sauran kuma ya cika cikin ƴan makonni. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage ƙarfin aure, tunda na san wannan ita ce tambayar da ake jin kunyar yi. Ana karɓa ga wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana da lafiya. Kafin a ɗiba sai an auna an ga kana da isasshe; in ba ka da shi za a ce ka tashi. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata 3. Yaro mai kilo 10 kuwa, abin da ake ƙara mishi wajen mililita 200 ne. Ku lissafa: jinin mutum guda na iya isar yara biyu. Kuma ba dole ne jininka ya zo iri ɗaya da na yaron ba. In bai dace da shi ba, a ba shi wanda ya dace daga ajiya, naka ya maye gurbi, gobe ya ceci ɗan wani. Akwai masu tsoron gwajin da ake yi wa jinin, na sida da na ciwon hanta. Dole ne a gwada, don kar a ba yaro cuta bisa cuta, amma sakamakon tsakaninka ne da ma'aikaci, ba a shelarsa a zaure.

Wanda ya je dubiya ya miƙa hannu anka ɗibi jininsa, ko bai ga yaron da ido ba, ya fi mu duka yin dubiya.

Abu na biyu da ke kashe yara a bakin gado shi ne jiran izini. Yarinya mai shekara goma sha takwas, ɗanta na fari a hannu, mijinta na Libiya ko Aljeriya ko Abijan. Lokotoro ya ce za a ƙara jini, ko za a tura ku babban asibiti. Ta ce sai ta tambayi maigida. Salularsa ba ta shiga. Surukinta na ƙauye, yana gona. Awa shida ta wuce ana neman wanda zai ce to. Ga kuma kunyar ɗan fari: an raine ta a kan kar ta kama sunansa, kar ta nuna damuwa da shi gaban mutane, sai ga shi ana tambayarta yaushe ya fara, sau nawa ya yi amai, mi anka ba shi a gida. Ta sunkuyar da kai. Iyaye mata, kunya adonmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma ba wurinta ke nan ba. In ɗan fari ne, kaka ko gwaggo ta bi su, wadda za ta buɗe baki ta faɗi komi, har jiƙon da anka ba shi da beli in wanzami ya cire, don lokotoro na bukatar sani, ba don ya yi faɗa ba. Ku kuma maza masu tafiya bida, kafin ku ɗauki jaka ku tsaya gaban mahaifinku ko wanku ku ce: in ciwo ya kama yaro, an ba uwarsa izini ta kai shi likita, kuma duk abin da lokotoro ya ce a yi, a yi. Magana ce ta minti ɗaya. In da hali kuma, cikin masu rakiya a samu ɗan lakwal guda, don takardar magani da karne da Faransanci ake rubuta su.

Yanzu mu shiga ɗakin da yaron ke kwance. Ɗakin masu tsanani ba zaure ba ne. Gadaje kusa da kusa, wani lokaci yara biyu gado ɗaya, ma'aikata na gudu tsakani. In mai gadi ya tsaida ku bakin ƙofa ya ce ba lokacin shiga ba ne, ko ya ce mutum ɗaya ɗaya, kar ku yi mishi gardama kuna cewa daga nesa kunka zo. Kowa daga nesa ya zo. Mutum biyu su shiga a madadin gari, su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa ko zanen gadon, su yi minti biyar su fito. Mai tari ko mura ya tsaya waje. Wanda ke da mai ƙyanda a gidansa kar ya zo ko kusa, kuma kar a shigo da ƙananan yara, don ƙyanda na kama wani tun kwanaki kafin ƙurajen su fito, yaron da ke kwance kuwa jikinsa ba ya iya kare kansa. Abin da zai sa ɗanka mai lafiya atishawa kwana biyu shi zai iya tafiya da wancan.

Za ku ga tiyo a hancin yaro, ko biyu ma. Ɗaya na iska ne, oksijen, mai taimakon numfashi. Ɗaya na bi ta hanci zuwa ciki, ta nan ake ba shi madara tunda ba ya iya haɗiya. Na sha jin ana cewa duk yaron da anka sa wa tiyo ba ya tashi, har wata tsohuwa ta matsa kusa da uwa ta raɗa mata ta cire shi in ma'aikata sun juya baya. Jama'a, wanda ya ga ana kai guga duk inda gobara ta tashi, sai ya ce guga ke kawo wuta? Yaran da sunka fi jigata su ake sa wa tiyo, shi ya sa wasunsu ke rasuwa da shi. Da yawa kuma shi ne sanadin tashinsu. Kar mai dubiya ya taɓa tiyo, kar ya taɓa robar ƙarin ruwa ya ce tana ɗiga a hankali bari ya ƙara mata gudu. An auna ɗigon nan da nauyin yaro. In ya yi yawa zuciyarsa ba ta ɗauka.

Haka abin ci da abin sha. Mu ba mu iya zuwa hannu sake ba, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma abin da kunka riƙo na uwa ne. Yaron da bai farka ba, ko ruwa cokali guda anka ɗura mishi yana iya bin hanyar numfashi ya sauka huhu. Wannan ya haɗa da jiƙo, ya haɗa da rubutu. Malam na zaune, in na yi kuskure ya gyara mini: addu'a na isa inda anka aike ta ko ba a sha ba. A yi tofi, a shafa mishi a kai, a bar bakinsa.

Ɗakin ƴan tamowa, wanda ma'aikata ke kira kireni, shi ya fi shan wahala da masu dubiya. Mutum ya shiga ya ga yaro ƙashi da fata, ya ga ɗan kofin madara tsararo da ake ba shi, ya ce wannan ai yunwa za su kashe shi da ita, ya zaro fura da ƙosai daga ƙarƙashin mayafi. Madarar nan ta farko, F-75, da gangan anka yi ta marar nauyi. Yaron da ya daɗe cikin yunwa, hanjinsa da hantarsa da zuciyarsa duk sun yi laushi, in anka cika mishi ciki da abinci mai nauyi lokaci guda yana iya mutuwa a ranar. Sai a bi shi kaɗan kaɗan, kowace awa biyu ko uku, dare da rana. In jikinsa ya kumbura da ma, kumburin zai saɓe, ya zama kamar ya ƙara ramewa. Wannan alamar sauƙi ce, kar ku tada hankalin uwa a kai. In ya fara neman abinci da kansa sai a juya shi ga madara mai ƙarfi ko tunkuzar gyaɗar nan ta cikin leda, Plumpy'Nut, sannan a sallame su su riƙa karɓa a likitar kusa da gida mako mako. Manyanmu na tune da yunwar 2005. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maradi, kuma akasarinsu a gida sunka warke da wagga leda. Ledar magani ce ta yaro guda. In anka dawo da ita gida ba ta baƙi ba ce, ba ta yayyensa ba ce, ba ta kai kasuwa ba ce.

To mi za a kai? Ku tuna matar nan a tabarma take kwana, gefen gado, tana tashi kowace awa uku. Wata na da ciki, wata na shayar da wani jinjirin. Ku kai mata fura da tuwo mai zafi in kuna kusa, ko kuɗin da za ta saya bakin asibiti. Sabulu, bokiti, buta, zane biyu na canji, bargo don ɗan tamowa sanyi na kama shi ko cikin zafi, da kuɗin cajin salula. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne mace guda da za ta ce mata: ɗiyata, tashi ki yi wanka, ki ci abinci, ki kwanta awa biyu, ni ina zaune wurinsa, in ya motsa zan tashe ki. Ƴan garinmu da ke zaune birni, wannan naku ne. Gidanku na da nisan tafiyar kabu-kabu da asibiti. Kwanon tuwo guda kowane dare, da wurin da uban yaro zai shimfiɗa tabarma maimakon ya kwana gindin bedi bakin ƙofar asibiti, ya fi jika biyar da za ku miƙa rana ɗaya ku ɓace.

Sai baki. Wallahi wani mai dubiya gara bai zo ba. Ya tsaya kan yaro ya kama haɓa ya ce, kai, haka ɗan wance ya yi kafin ya cika. Wata ta ce, ke ma kin yi sakaci, tun yaushe nake ce miki. Wata ta duba hagu da dama ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, a bincika cikin gida, ta bar wuta tsakanin mace da kishiyarta da ba za ta mutu ba ko bayan yaro ya warke. Maganar da ta fi kowace ɓarna ita ce a ce ciwon ba na asibiti ba ne, don ita ke sa a naɗe tabarma da asuba. Jijjiga da sanƙarewa da juyewar ido, masassara ce ke kawo su in ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko sukarin jini ya faɗi, ko sanƙarau ne, kuma duka ukun asibiti na da maganinsu. Kar kuma kowa ya shigo ya sa ta maimaita labari daga farko. Mutum ashirin, sau ashirin tana faɗin yadda ɗanta ya suma. Ka ce sannu, Allah shi ba shi lafiya, Allah shi sa kaffara ne. Ka tambaye ta ko ta ci abinci. Ka ba ta labarin gida mai sanyaya rai: yara na lafiya, an yi musu wanka, an nome miki gamana. In babu abin faɗi ka zauna shiru, ba laifi ba ne.

Ku samari masu salula, kar a ɗauki hoton yaro da tiyo a hanci a watsa WhatsApp. Hoton na isa ga ubansa a Libiya babu bayani, na isa ga kakarsa a ƙauye ta fara kuka, kafin la'asar an fara zuwa gaisuwar mutuwar yaron da ke raye. A zaɓi mutum guda cikin dangi, shi ke jin bayanin lokotoro, shi ke kira gida safe da yamma.

Rabin dubiya kuma a nan gari ake yin ta, ba sai an biya kuɗin mota ba. Yaran da anka bari, wa ke ba su abinci? Wa ke taɓa jikinsu da dare ya ji ko da zazzaɓi, tunda sauron da ya ciji ƙanensu cikin ɗakin nan yake? Wa ke sa su cikin gidan sauro? Tun 2013 anka fara rabon maganin rigakafin masassara na damana ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata wata. Masu rabo na ba da na ranar farko da hannunsu, na rana ta biyu da ta uku a gida ake ba da shi. In uwa na asibiti, maƙwabciya ta karɓi wannan aiki, ta riƙe katin. Gonar maigida kuma, in maimai ya tsaya, gayya ɗaya ta samari da safe ta gama shi. Kakanninmu na yin gayya don gina ɗaki da noman surukai. Ban ga abin da zai hana a yi ta don mutum ya zauna wurin ɗansa ba.

Maganar kuɗi. Tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati. Ku san da wannan, ku riƙe karnen yaro da takardar da likitar gari ta ba ku ta turawa. Amma kowa nan ya san in magani ya ƙare a ɗakin magani na asibiti, takarda za a rubuto a ce a sayo a farmasi. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga abincin mai jinya. Nan ne ake sayar da akuyar mace da rabin kuɗinta, don mai saye ya ga ido ya yi ja. Nan ne ake cin bashin hatsi, tiya ɗaya a biya biyu da kaka, ko a jinginar da gona. Yaro ya warke, gida ya kwanta.

Shawarar da kwamiti ya ɗora mini in kawo gabanku ita ce a buɗe asusun jinya dabam da asusun ƙungiya. Kowane gida tiya ɗaya ta hatsi da kaka, lokacin da ba ta da zafin bayarwa, a aje, a sayar in ta yi tsada. Ƴan bida da ƴan birni su aiko abin da ya sawwaƙa. Wanda ciwon yaro ya kama ko da tsakar dare ne a ba shi kuɗin mota nan take, ba sai an tara taro ba, ya biya bayan girbi babu ruwa ko dala. Akwati da makulli biyu, ɗaya hannun maza, ɗaya hannun mata, kuma a karanta lissafi gaban kowa a kowane taro, don mun ga yadda asusu ke mutuwa in lissafi ya koma aljihun mutum guda. Wanda bai iya biya ba saboda babu, taro ya duba ya yafe mishi.

Akwai kuma ranar da za a yi duk abin da ya kamata, Allah ya karɓi abinsa. Ranar nan kar a bar mace ita kaɗai ta goyo gawar ɗanta cikin motar haya tana rufe shi da mayafi don kar direba ya gane. Wannan na faruwa, kun sani. Asusu ya ɗauki kuɗin dawowa, namiji cikin dangi ko cikin ƴan birni ya tsaya kan takardu, a kira gari a shirya kafin su iso. In an zo gaisuwa kuma a kama baki. Kar a ce da ba a kai shi ba da yana nan, don mai ƙaramin yaro na zaune tana ji, gobe in nata ya kamu za ta ɓoye shi ɗaki. Bayan kwana bakwai, in baƙi sun watse, mata ku ci gaba da leƙa ta. In akwai bashin jinya, a duba shi a asusu kafin mai bashi ya zo ƙofa.

Magatakarda na zaune bakin ƙofa da littafi. Duk namijin da ya kai shekara 18 kuma ya yarda a kira shi in ana neman jini, ya ba da sunansa da lambar salularsa kafin ya fita. Ni na riga na rubuta nawa, shugaban samari ma haka. In mun kai mutum ashirin, kwamiti zai nemi majo ya faɗa mana ranar da za mu je a auna rukunin jinin kowa, a rubuta gaban sunansa. Iyaye mata kuma, kowace unguwa ta fiddo mace biyu da za su riƙa karɓar yaran gidan da uwa ta tafi jinya, a kawo sunayensu ranar kasuwa mai zuwa. Maganar tiyar hatsi, Maigari, tana hannunka da dattawa.